Yadda ƙwaya da giya ke kama mutum bayan ɗanɗanon farko

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ɗan sam mana fili mu yi magana da iyaye da malamai da iyayen gidan 'yan acaba, kan wani ɓangare na shaye-shaye da ba a cika taɓawa ba. Mu ma'aikatan jinya ne da masu ba da magani a nan Garwa, Arewacin Kamaru.

Duk sanda aka tashi maganar ƙwaya, a mumbari ko a rediyo, mutum ɗaya ake siffantawa: mai jajayen idanu, tufafi duƙun-duƙun, yana tangaɗi a bakin kwata yana zagin sa'an ubansa. Uba ya saurara, ya waiga ya dubi ɗansa da ke fita tun sallar asuba, yana kawo kuɗin cefane, yana gaishe da maƙwabta, sai ya yi hamdala ya saki jiki. To shi wancan na bakin kwata ya riga ya kai ƙarshen hanya. Shekarun baya shi ma mai sammako ne, kuma a lokacin abin ya kama shi ba wanda ya lura. Wannan tsakanin muke so mu warware, daga ranar ɗanɗano zuwa ranar da jiki ya ƙi tashi sai da ita.

Bari mu fara da tramol, tunda ita ta fi yawa a wajenmu. Sunanta na asibiti Tramadol, maganin ciwo ne dangin morfin, wani kamfanin Jamus ya fito da ita kasuwa a 1977. A asibiti miligiram 50 ake bayarwa, in ciwon ya yi tsanani 100, kuma babban mutum ba ya wuce 400 a yini da kwana. Wadda ake sayarwa a tebur da jakar masu yawo kuwa 120 ce, ko 200, ko 225, har 250, akasarinta daga Indiya. Ƙwayar 225 guda ɗaya daidai take da huɗu da rabi na asibiti. Wanda ya haɗiyi biyu ya riga ya tsallake iyakar yini kafin ya karya kumallo.

Mafi yawan masu fara ta a nan ba nishaɗi ya kai su ba. Ɗan acaba ne, ko ɗan kilando kamar yadda muke cewa, da zai wuni kan babur a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40. Ɗan ƙodago ne a dashen masakwa, wanda zai wuni yana caka ƙasar karal, wato laka mai tauri, da sanda yana ɗaukar ruwa. Mai dakon jarkokin zuwa-zuwa ne, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, daga bakin iyaka, ko mai ɗibar yashi a Binuwai. Aboki ya raba masa rabi ya ce “sa a shayi, ba za ka ji rana ba.” Don a gane yawanta a ƙasar nan, ga wani abu. A 2013 wasu masana a Faransa suka sanar cewa sun gano tramadol a saiwar tafashiyar da aka tono a Arewacin Kamaru, aka yi ta mamaki ashe itace na yin ta da kansa. Shekara na zagayowa wasu masanan Jamus tare da 'yan Kamaru suka bi sawu, suka nuna cewa manoma ne ke ba shanun huɗa ƙwayar don su jure aiki, su ma suna sha, fitsari ya sauka a ƙasa, saiwa ta tsotsa. Har a ruwa sun same ta.

Ranar farko ba kowa ke jin daɗinta ba. Da yawa amai suke yi, da jiri, da ƙaiƙayin hanci da fuska, su rantse ba su ƙara ba, kuma su cika rantsuwar. Wani kuwa daga rabin farko zai ji jikinsa ya yi sakayau, gajiya ta tafi, bakinsa ya buɗe da hira. Bambancin yana da tushe a hanta. Tramol ba ta gama zama abin maye sai hanta ta sarrafa ta zuwa wani sinadari da ya fi ta ƙarfi, kuma hantar wani na yin wannan aiki da sauri, ta wani da ƙyar, gado ne. Sannan aiki biyu take yi a lokaci ɗaya: tana kashe ciwo irin na morfin, tana kuma ɗaga wasu sinadaran ƙwaƙwalwa da magungunan ciwon damuwa ke ɗagawa. Na biyun ne ke kawo kuzarin da ma'aikaci ke nema, shi ke jinkirta wa namiji biyan buƙata (abin da ke jawo angwaye da yawa, ko da ba a faɗa a fili), kuma shi ke da hannu a jijjigar da za mu zo kanta.

A nan dole mu faɗi wata gaskiya da masu faɗakarwa ba sa son faɗa. Yawancin waɗanda suka ɗanɗana ba sa kamuwa. In ka ce wa saurayi “ka taɓa sau ɗaya ka haukace,” alhali ya san mutum goma a majalisarsu da suka taɓa suna nan garau, ya daina sauraronka ke nan har a abin da ka faɗa daidai. Wani babban bincike a Amurka kan mutum sama da dubu 43, wanda aka buga a 2011, ya ƙiyasta cewa cikin masu fara shan giya kusan kashi 23 cikin 100 ne ke kamuwa a tsawon rayuwa, hodar ibilis kashi 21, wiwi kashi 9, taba sigari kuwa kashi 67. A lura, sigarin da ba a ɗauke ta komai ba ita ta fi kowa riƙo. Binciken ya kuma duba saurin kamun: rabin masu kamuwa da hodar ibilis sun kamu cikin shekara 4, na wiwi shekara 5, na giya sai kusan shekara 13. Mutanen Amurka aka ƙidaya, ba na Pitowa da ke kusa da mu ba, amma darasin ya tsallako: kowane abu da nasa saurin, kuma ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ƙaramin kaso ba ne. Wa zai hau kwale-kwalen da aka ce duk fasinja biyar ɗaya ba ya kai gaɓa? Kuma ba wanda ya san kansa tun farko ko shi ne ɗayan.

Akwai dai abubuwan da ke nuna wanda ya fi kusa. Na farko shekaru. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna abu ya ce “ya isa,” ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke son daɗi ya daɗe da farkawa. Binciken 1997 a Amurka ya nuna cewa cikin waɗanda suka fara giya suna da shekara 14 ko ƙasa, sama da kashi 40 sun kamu daga baya. Waɗanda suka fara daga 20 zuwa sama, kashi 10 ne. Yaron da ake aika sayo wa ubangidansa ƙwaya a gareji yana shekara 13, a wannan layin yake. Gado ma na da rabonsa, a giya kusan rabin haɗarin daga jini yake. Sai dalilin sha: wanda ke sha don ya yi barci, ko don ya manta abin da ya gani ranar da aka kori garinsu, ya fi mai sha ranar biki saurin kamuwa, domin shi dalilinsa kullum yana nan.

Amma in aka ce mu zaɓi ɗaya, jeri za mu zaɓa, wato shan yau da gobe da jibi ba hutu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi bayanan majinyata sama da miliyan ɗaya da likita ya rubuta wa irin waɗannan magungunan ciwo, ta fitar da sakamako a 2017. Cikin duk waɗanda aka ba, kashi 6 ne ke kan maganin bayan shekara. Waɗanda shan farkonsu ya kai kwana 8, kashi 13 da rabi. Waɗanda suka wuce wata guda, kusan kashi 30. Cikin ƙwayoyin da ke aiki na gajeren lokaci kuma, tramadol ce ta fi riƙe mutane. Wannan fa da awon asibiti ne. Yanzu a auna da kakar dashen masakwa, ko makonnin ɗaukar auduga, inda mutum zai jera wata guda yana haɗiyar 225 kowace safiya da niyyar in aiki ya ƙare ya bari.

Abin da ke faruwa cikin wannan watan shi ne sabo, kuma da gaske sabo turken wawa ne, sai dai wannan turken a cikin jijiya aka kafa shi. Jiki na da nasa maganin ciwo da yake haɗawa da kansa, da masaukai a ƙwaƙwalwa inda maganin ke sauka. In aka riƙa ambaliya masa na waje kullum, sai ya rage haɗa nasa, ya rage ƙarfin masaukan. Rabin da ke kai mutum la'asar ya koma ba ya kai azahar. Ya koma ɗaya, ɗaya ta koma biyu, sai ka ji yana cewa “ta yanzu ba ta da kyau, jabu ce.” Wani lokaci jabun ce, amma galibi jikinsa ne ya canja. Matsalar ita ce ba komai ke sabawa tare ba. Daɗin na dakushewa da sauri, amma haɗarin jijjiga na ƙaruwa ne da yawan miligiram, bai san sabo ba. Shi ya sa za ka ga ɗan acaba da ke shan huɗu ko biyar, yana magana tiryan-tiryan ba alamar maye, ya yanke jiki ya faɗi kan babur da fasinja a baya. A gida a ce iska ce, ko an yi masa jifa. Duk saurayin da farfaɗiya ta fara masa da girma, a tambayi abin da yake haɗiya kafin a nemi mai ruƙiyya.

Daga nan sai ƙwayar asuba, wadda a wajenmu ita ce kan iyaka. Tramol na raguwa da rabi a jini cikin kimanin awa 6. Wanda ya sha ta ƙarshe da la'asar, kafin kiran assalatu abin da ya rage a jikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ku tsaya a teburin mai shayi da sassafe ku duba: ga mutum yana hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na yoyo, ido na hawaye, tsikar jiki a tashe ko da ba sanyi, yana murza cinyoyinsa, ba ya son a yi masa magana. Ya juya baya ya jefa wani abu a kofi. Bayan rabin awa zuwa awa ɗaya ya warware, har da barkwanci. Wannan ya daina sha don ya ji daɗi, yana sha ne don ya koma yadda kowa ke tashi kyauta. In bai samu ba, ciwon na farawa tsakanin awa 8 zuwa 24, ya kai maƙura a kwana na biyu da na uku da ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki, gudawa, gumi da rashin barci, ya lafa cikin mako guda ko kwana goma. Wasu har da faɗuwar gaba mai tsanani, da jin kamar lantarki na ja a kai, da gane-gane. Sau tari ana ɗaukar wannan a zazzaɓin cizon sauro ko taifot, a sha magani kala-kala ba sauƙi, sai aboki ya kawo ziyara a ga majinyaci ya miƙe. Watan azumi ma na tona asiri: wanda ya cika sahur ɗinsa da ƙwaya, ko wanda da an sha ruwa kafin dabino ya sauka ya ɓace, a sa masa ido.

Giya tafiyar hawainiya take yi, shi ya sa ta fi yaudara. Ga lissafinta. Babbar kwalba mai santilita 65 na ɗauke da tsantsar barasa kimanin giram 25. Ledar wiski mai santilita 5, irin ta sefa 100, wajen giram 16. Hanta kuwa giram 7 zuwa 10 take iya ƙonewa a awa, kuma ba kofi ko wanka ko lemun tsami da ke ƙara mata sauri. Wanda ya tsotsi leda 6 da daddare ya ba hantarsa aikin awa 10 zuwa 14, wato da giya a jininsa zai ɗauki 'yan makaranta da safe. Tun 2014 gwamnati ta sa hannu kan hana waɗannan ledoji, aka yi ta ɗaga wa'adi, har yau ga su nan a rataye. Illar leda a unguwanninmu ita ce tana shiga aljihu. Bilbil, wato burkutu, sai an je an zauna an ɗauki ƙwarya a idon jama'a, ɗan Musulmi na jin nauyin haka. Leda kuwa a bayan gida ake shanye ta, a tauna kanumfari. Arge, barasa mai ƙarfi da ake dafawa a gida, ya fi muni, don ba mai sanin ƙarfinsa, ko mai dafawar.

Giya birki take taka wa ƙwaƙwalwa. In birkin ya daɗe a take kullum, ƙwaƙwalwa sai ta ƙara murɗa totur don tafiya ta ci gaba. Shi ne mutumin da ake yaba wa wai “yana da kai,” ya sha kwalba biyar bai yi layi ba. Mu a wajenmu wannan alamar haɗari ce. Ranar da aka saki birkin farat ɗaya, totur na nan a murɗe. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu ya fara rawa har shayi na zuba, ga gumi, ga tashin zuciya. Cikin kwana biyun farko ana iya jijjiga. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu ke shiga ruɗewa: zazzaɓi, sambatu, ganin ƙwari da macizai a bango, bai san inda yake ba. Wannan na kisa in ba a kai asibiti ba. Diazepam, ƙwayar barci da kwantar da hankali wadda yara ke kira D5 ko D10, hanyarsu ɗaya da giya, sai dai nata ciwon kan jinkirta kwanaki kafin ya bayyana. Shi ya sa likita ba ya son rubuta ta fiye da mako biyu zuwa huɗu.

Don haka muke roƙon iyaye da malaman gidan mari su bambance. Yanke tramol kai tsaye azaba ce, amma da wuya ta yi kisa ga mai lafiya. Yanke giyar kullum ko diazepam kai tsaye, a kulle mutum a ɗaki da sarƙa a ƙafa, na iya zama ajalinsa a dare na uku. A asibiti ana ba mai giya magani mai kwantar da jijiya ana ragewa cikin kwanaki, da bitamin B1, don rashinsa na lalata ƙwaƙwalwar mashayi har ya kasa riƙe abin da aka faɗa masa yanzu. Tramol kuma a hankali ake sauke ta, misali kashi ɗaya cikin goma duk mako, ƙwayar na hannun wani babba a gida yana ba shi a ƙidaye, kuma da ta asibiti wadda aka san awonta. Akwai sashen kula da masu shaye-shaye, wanda ake kira CSAPA, a manyan asibitocin larduna, inda babu kuma a nemi ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa.

Wucewar ciwon jiki ba ita ce warkewa ba, a nan ne iyalai da yawa ke karaya. Duk ranar da aka sha, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari, dofamin, mai rubuta mata cewa wannan abu a maimaita shi, kuma tana haɗawa da duk abin da ke wurin: bencin mai shayi, ƙarar babur, fuskar abokin, ranar da ake biyan kuɗin auduga. Bayan wata shida da bari, wucewa ta wannan kwanar kaɗai na iya tayar da ƙishirwar. Ga kuma makonni na kasala da rashin barci da rashin jin daɗin komai. Mai da shi tasha ɗaya da abokai ɗaya da awa goma sha huɗu na aiki, ka mai da shi ga ƙwaya. Kuma komawar ta fi farawa haɗari, domin sabon jiki na zubewa cikin 'yan makonni. Wanda ya fito daga kurkuku, ko daga mari, ko ya daure wata guda na azumi, in ya koma kan biyar ɗin da ya saba ranar sallah, jikinsa na ɗan koyo ne yanzu. Makonni biyun farko bayan fitowa su ne mafi hatsari.

Ga mai son ya gane inda ɗansa ko yaronsa ya kai, Hukumar Lafiya ta Duniya abu uku take dubawa, biyu sun isa a ce ya kamu: ya kasa riƙe kansa kan yawa da lokaci, abin ya sha gaban sauran al'amuransa duk da ya ga ɓarnar, jikinsa ya saba ko yana ciwo in babu. Galibi ana duba shekara guda, amma shan kullum na wata 3 ya isa. A aikace, a keɓe shi ba a gaban ƙannensa ba, kuma kada a tambaye shi “kana sha?” don amsar a'a ce. A ce: “Ɗana, nawa kake sha yanzu, da nawa ka fara? Ƙarfe nawa kake shan ta farko? Yaushe rabon da ka yi kwana uku babu?” Wanda bai kai shan kullum ba, magana da sauya masa aiki da abokai kan wadatar. Uban gidan da ya ɗora wa yaro balas ɗin da ba ya fita sai an kai sha biyun dare, shi ma ya binciki kansa.

Ƙwayar kanta tana sauya riga. Bayan Indiya ta tsaurara fitar da tramadol a 2018, shekarar da Najeriya ta hana maganin tari mai kodin, sai kasuwa ta cika da wasu masu kama da ita a kwali, har da lambar 225 ɗin, amma cikinsu haɗin tapentadol ne da carisoprodol, na farko ya fi tramol ƙarfi, na biyu mai sakar da jiki. Indiya ta hana wannan haɗi a Fabrairun 2025, amma mai saye a tebur bai san wacce ya haɗiya ba. Haɗa kowaccensu da giya ko diazepam shi ke tsayar da numfashi.

In an tarar da mutum yana jijjiga, a janye abin da zai buge shi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja; in ta wuce minti 5 ko ta maimaita, sai asibiti. In kuwa barci ne mai nauyi da munshari, an girgiza shi bai motsa ba, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, numfashi bai kai 10 a minti ba, leɓe ya yi toka-toka, kada a ce a bar shi ya huce zuwa safe. A ɗauke shi a lokacin, a tafi da kwalin abin da ya sha, a faɗa wa ma'aikatan gaskiya tun a ƙofa don su nemi allurar naloxone mai karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya shirya mana zuri'a.

Wasu ma'aikatan jinya da masu ba da magani,
Garwa, Arewacin Kamaru.